Da Babu Gara Ba Daɗi? Lacca Ga Mutanen Kwatarkwashi A Kan Aikin Masana'anta



Maganar da ta tara mu yau ita ce ta ƙwadago, watau aikin da talaka ya ke yi wa mai dukiya a biya shi lada. Za mu yi ta ne a kan irin masana'antun nan da a ke tara mutane cikin zafi da ƙura, a rufe ƙofa, a sa su aiki tun asuba har dare, sa'an nan a biya su abin da ba ya kai su ƙarshen wata. Turawa suna da sunan da su ke kiran irin wannan wuri, ma'anarsa kuwa gidan gumi. Mu ma haka za mu kira shi.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kwatarkwashi da wannan zance, tun da ba mu da babbar masana'anta a gindin dutsen nan? To, ruwanmu ne ƙwarai. Ko wace shekara, da an gama kaka, samarinmu su kan kama hanya zuwa cin rani, waɗansu Kano, waɗansu Kaduna ko Abuja, waɗansu har Ikko. Tun da 'yan bindiga suka hana mutane noman gonakin nesa, masu tafiya sun ƙaru, har da waɗanda a dā ba su taɓa tunanin barin gida ba. Wanda yunwa ta koro kuwa ba ya ciniki. Abin da aka taya masa shi ya ke karɓa. Irin waɗannan mutane su ne abincin gidan gumi a ko ina cikin duniya.

Hujjar masu cewa a ƙyale su

Kada ku zaci duk masu ilmi sun haɗu a kan cewa gidan gumi mugun abu ne. Akwai masanan tattalin arziki da su ke kāre shi, kuma ya kamata mu faɗi hujjarsu yadda ta ke, domin wanda bai san maganar abokin gardamarsa ba bai san tasa ba.

A cikin 1997 wani masani na Amurka, Paul Krugman, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2008, ya yi rubutu yana yabon aiki mai arhar lada. Abin da ya ke nufi a taƙaice shi ne: yarinyar da ke ɗinki a masana'anta da lada kaɗan, da ba ta sami wannan ba, da tana tsince-tsince a juji ko tana fama a gonar da ba ta ciyar da ita. Masu wannan ra'ayi su kan ce ta haka Ingila ta fara, ta haka Koriya ta Kudu da Taiwan suka fara, ga shi yau sun yi arziki. Su kan nuna Bangaladash, inda ɗinkin tufafi ya ke ciyar da mutum wajen miliyan 4, akasarinsu mata, kuma shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke sayarwa waje. Suka ce in ka matsa wa mai masana'anta ya ƙara lada, sai ya naɗe kayansa ya koma wata ƙasa, talaka ya tashi a tutar babu. Da Hausa dai, da babu gara ba daɗi.

Mun yarda da rabin wannan magana. Muna son masana'antu, muna kuwa son su da gaggawa. Dattawan da ke nan sun san yadda Gusau ta ke sa'ad da masaƙar Zamfara Textile ke aiki, da yadda manomin auduga da mai abinci da mai gidan haya duk su ke ci daga gare ta. Ba wanda ya ga wannan zai ce rufe masana'anta alheri ne.

Inda muka rabu da su shi ne nan: suna magana kamar hanya biyu ce tak a gaban talaka, ko ya zauna da yunwa ko ya shiga ɗakin da za a kulle shi. Akwai ta uku, watau ya yi aikin nan, a masana'antar nan, amma ƙofa a buɗe, ladansa na zuwa kan lokaci, kuma yana da bakin magana. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, nawa ne kuɗin barin ƙofa a buɗe? Ku saurari labari huɗu, ku yi lissafin da kanku.

Ƙofofi huɗu

Na fari, a birnin New York na Amurka, ran 25 ga Maris 1911, wuta ta kama masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙi da suka je neman abinci. An kulle wata ƙofar fita, wai don kada ma'aikata su saci ƙyalle ko su fita hutu. Waɗansu daga tagogin bene suka riƙa faɗowa.

Na biyu, a ƙasarmu ne. A watan Satumba 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Odogunyan, kusa da Ikorodu ta Jihar Legas. Gomman ma'aikata suka ƙone. Waɗanda suka tsira da shugabannin ƙwadago sun ba da shaida cewa a kan kulle masu aikin dare a ciki.

Na uku, a Bangaladash, ran 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa 8 da a ke kira Rana Plaza ya rushe a kan maɗinka. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka ji rauni. Abin takaicin shi ne tun ran 23 ga wata an ga bango ya tsage. Banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe. Maɗinka kuwa aka ce su koma bakin keke, in ba haka ba a riƙe musu albashi. A nan ba kwaɗo aka sa wa ƙofa ba, tsoron rasa ladan wata shi ya zama kwaɗon.

Na huɗu, a Kano, a watan Yuni 2020, 'yan sanda suka fitar da ma'aikata fiye da 100 daga kamfanin shinkafa na Popular Farms da ke Challawa. Ma'aikatan suka ce tun lokacin da aka fara kullen cutar korona, wata uku ke nan, ba a bar su sun je gida ba.

To jama'a, shekara 109 ke tsakanin na fari da na ƙarshe, ƙasashe kuma dabam dabam, amma hali ɗaya ne. A ko wane wuri akwai wanda ya zauna ya auna kaya da rai, ya ga kaya sun fi nauyi. Talauci bai kulle ƙofar nan ba. Mutum ne ya kulle ta, yana kuwa iya buɗe ta ba tare da ya yi hasarar ko kwabo ba.

Shin in an gyara, masana'anta gudu ta ke yi?

Wannan ita ce barazanar da a ke yi mana kullum, sai mu duba abin da ya faru. Bayan Rana Plaza, a watan Mayu 2013, ƙungiyoyin ƙwadago da manyan kamfanonin da ke sayen tufafin suka ƙulla yarjejeniyar duba gine-gine da rigakafin gobara, kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu. Aka aika injiniyoyi suka bi masana'antu ɗaya ɗaya, aka gyara wayoyin lantarki, aka cire ƙofofin ƙarfe masu kwaɗo. Mafi ƙanƙantar ladan maɗinki ya tashi daga taka 3,000 zuwa 5,300 a ƙarshen 2013, ya kai 8,000 a 2018, ya kai 12,500 a 2023. Ladan har yanzu kaɗan ne, ba mu ce an gama ba. Amma ciniki bai gudu ba. Tsakanin 2013 da 2022 tufafin da Bangaladash ke sayarwa waje sun ninka wajen sau biyu. Ashe da can ma ana iya gyarawa, sai da aka binne mutum dubu kāna aka ga dama.

Akwai kuma binciken da waɗansu masana biyu, Christopher Blattman da Stefan Dercon, suka yi a Habasha. Sun bi sawun masu neman aiki kusan 1,000 a kamfanoni 5 har tsawon shekara. Suka tarar waɗanda suka sami aikin masana'anta ba su fi waɗanda suka ci gaba da ƙananan sana'o'i samu ba, cikin mutum 4 wajen 3 sun bar aikin kafin shekara ta cika, rashin lafiya kuma ya fi yawa a cikinsu. Watau ba ko wace masana'anta ce tsanin hawa ba. Wata rami ce aka rufa mata tabarma.

Duk da haka kada a ɗauka muna kiran a rufe ko a ƙaurace wa kaya da ka. A 1993, da aka ji Amurka na shirin dokar hana sayen kayan da yara suka yi, masana'antun Bangaladash suka sallami dubban yara rana tsaka, ba a tanadar musu makaranta ba, waɗansunsu suka faɗa ayyukan da suka fi na dā muni. Gyaran da ba a yi shawara da ma'aikaci ba, a kansa ya kan ƙare.

Mu ma mun ɗanɗana

Wannan ba labarin nesa kaɗai ba ne. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta sa a ɗebi mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Kakanninmu sun kira shi ɗiban gwamna. An yi ta yi har 1944, dubban mutane aka kwasa, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Su ma masu wannan aiki suna da hujja, cewa suka yi yaƙi ya tilasta. Ran 18 ga Nuwamba 1949 kuma 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu, sabo da rikicin lada.

Bayan wannan mun ga ɗaya fuskar. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, Gusau ma ta sami tata a shekarun 1960. Aikin masaƙa ba wasa ba ne, ga ƙarar inji ga ƙurar auduga. Amma ma'aikata suka haɗa kai, a 1978 suka sami ƙungiya guda ta masaƙa da maɗinka ta ƙasa duka, suka riƙa zama da masu kamfani ana ciniki a kan lada da alawus da ƙa'idar sallama. Ɗan talaka ya yi aikin masaƙa ya gina gida, ya sa 'ya'yansa makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masaƙun nan sun durƙushe. Ta Gusau ta rufe a farkon shekarun 2000, babbar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Za ku ji waɗansu na cewa ladan ma'aikata ne ya kashe su. Ku tambaye su labarin lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari. Ku kuma lura da wannan: arhar kayan waje tana da dalilai da yawa, amma ɗaya daga ciki shi ne gumin wani talaka da ba a biya ba. In an danne maɗinki a can, an rage wa masaƙi a nan kasuwa. Sabo da haka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba kuma lalle sai da bango da rufi a ke samun gidan gumi ba. A 2010 aka gane yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa, ƙurar ta shiga abinci da ƙasar da yara ke wasa. Yara aƙalla 400 suka rasu. Bagega ba a share mata ƙasa ba sai 2013. Zinariyar ta tafi inda a ke sayen ta da daraja, gubar ta zauna tare da mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, aka ɗage hanin a Disamba 2024, sabo da haka maganar yadda za a yi aikin nan ba tare da kashe yara ba ta sake dawowa gabanmu.

Abin da doka ta ce

Da yawa cikinmu ba su san cewa dokar ƙasar nan ta riga ta ba ma'aikaci haƙƙoƙi ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3. Ta ce wanda zai yi awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutu, a kuma ba shi yini guda cikin ko wane mako. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a kulle ƙofa yadda ba za ta buɗu daga ciki ba muddin akwai ma'aikata a wurin. Dokar diyya ta 2010 ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin wanda inji ya yanke wa hannu ya sami abin riƙe kansa. A watan Yuli 2024 kuma aka sa hannu a kan mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 a wata.

Amma akwai kafofi. Dokar albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Babbar dabarar kuwa ita ce ta ɗan kwangila. Kamfani ba ya ɗaukar ka da kansa, sai ya sa dillali ya kawo ka a matsayin leburan wucin gadi. Ka yi shekara biyar kana wucin gadi. Ran da ka ji rauni, kamfani ya ce bai san ka ba, dillali kuma ya kashe waya. Doka tana takarda, amma takarda ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami masu ɗaukar ta.

Abin da ya rage gare mu

Samari, kafin ɗayanku ya bi dillali, ya yi tambaya biyar. Nawa ne ladan, kuma wace rana a ke biya? Awa nawa a ke yi? Ana iya fita in an tashi, ko a ciki a ke kwana a kulle? In inji ya ji wa mutum, wa zai biya magani? Wane ne ainihin mai aikin, kamfani ko ɗan kwangila? Wanda ya yi fushi don an yi masa waɗannan tambayoyi, ya riga ya ba ku amsa. Kada kowa ya ba da katinsa na ɗan ƙasa ko wayarsa a riƙe masa. Kada ku karɓi bashin kuɗin mota da ba a faɗi yadda za a cire shi ba, gama da irin wannan bashi a ke ɗaure mutum. In kun isa, ku nemi 'yan garinku, ku san inda ofishin ƙungiyar ƙwadago ya ke.

Iyaye, kada ku sallama yaro ga wanda ba ku san gidansa ba. Ku san sunan wurin aikin da unguwar da ya ke. In mako biyu ya wuce ba ku ji muryarsa ba, ku bi sawu. Yaron da bai isa ba kuwa, wurinsa makaranta, ba ramin zinariya ba.

Masu mulki, ko wace jam'iyya ce ke kan kujera, muna goyon bayan a kira masu jari su zo Gusau, a tada masaƙa, a gurje audugarmu a nan. Amma in za a ba su fili da sauƙin haraji, a rubuta sharaɗi tun ran fari: ƙofar gudu a buɗe, takardar aiki ga kowa, 'yancin shiga ƙungiya, da sufeto mai zuwa ba tare da sanarwa ba. Mai jarin da ya ce ba zai zo ba sai an bar shi ya kulle mutane, ba jari ya kawo mana ba.

Ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin tamu ce. Yana da sauƙi mu zagi Bature ko mutumin Sin ko Ba'indiye. Amma a cikinmu akwai masu gidan burodi, da masu buga bulo, da masu injin ruwan leda, da teloli masu yara goma a shago, da masu ɗaukar 'yan ƙwadago a gona, da matan da ke da 'yan aiki a gida. Yaron da ke kwana gaban tanda, nawa a ke ba shi? Almajirin da ya yi yini yana dakon bulo, an biya shi a ranar ko an ce ya dawo gobe? Yarinyar da aka kawo daga ƙauye, yaushe rabonta da ganin uwarta? Musulmi da Kirista duk sun san cin gumin ma'aikaci zalunci ne. In muna yi wa na ƙasa da mu abin da mu ke kuka a kansa, ba mu da bakin kai ƙarar kowa.

Ga ma'aunin da mu ke roƙon ku tafi da shi gida. Aiki mai wuya ba abin kunya ba ne, lada kaɗan ma a kan yi haƙuri da shi in sana'ar ba ta kawo da yawa. Abin da ba a haƙuri da shi shi ne a yi amfani da yunwar mutum a ƙwace masa abin da ba na sayarwa ba, watau ransa, da lafiyarsa, da ikon fita, da ikon cewa bai yarda ba. Ya sayar da ƙarfinsa na awa takwas, bai sayar da kansa ba. Duk wanda ya ce muku da babu gara ba daɗi, ku ce masa kun ji, sa'an nan ku tambaye shi mabuɗin ƙofar yana hannun wa.

 Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai zo ba, musamman masu shirin tafiya cin rani bana. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.